Ruwan polimata yana yin hazo tun ban ɗora shi a wuta ba: ya lalace ne, ko zafin Sakkwato ne?

Ɗalibar Kemistiri, Mabera

Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure, da fatan ana haƙuri da zafi. Ina karatun digiri na biyu a fannin kemistiri, kuma aikina ya shafi polima mai gaɓa biyu, wato doguwar sarƙa wadda aka ƙera rabinta da wani sinadari, ɗaya rabin kuma da wani daban, kamar carbin da aka jera masa 'ya'yan itace a gefe guda, na roba a ɗaya gefen. Gaɓar farko ita ce PEG, wadda ba ta da wata rigima da ruwa, ta biyu kuma PNIPAM. Giram ɗaya tak muka samu, kyauta daga wani abokin aikin malamina da ke ƙasar waje, saboda haka ina lallaɓa shi kamar ƙwai.

Abin da na karanta shi ne, idan aka narkar da garin a ruwa a zafin ɗaki, ruwan zai fito garau, kuma sai an ɗumama shi ya haura digiri 32 ne gaɓar PNIPAM za ta janye jikinta daga ruwa, sarƙoƙin su taru da kansu su cure zuwa ƙananan ƙwayoyi masu faɗin 'yan gomomin nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), PNIPAM a ciki, PEG a waje. Ni kuwa a makon jiya na auna miligiram 20 na zuba a mililita 10 na tataccen ruwa, na bar shi yana juyawa tun hantsi har la'asar, amma ya ƙi narkewa yadda ya kamata. Ya yi fari-fari kamar ruwan da aka ɗauraye ƙwaryar nono da shi, ga wasu 'yan guntaye suna yawo a ciki. Don takaici na cusa kwalbar a firji na tafi gida. Washegari na tarar da shi tas kamar ruwan sama. Na fito da shi na ajiye a kan tebur ina murna, amma kafin in gama shirya kayan awo ya sake yin hazo, sai dai wannan karon hazon shuɗi-shuɗi ne, kuma babu guntaye ko ɗaya.

Tambayata kashi biyu ce. Shin polimar ta lalace ne a hanya? In kuwa lafiyarta lau, akwai yadda za a gyara ginin sarƙar ta daina curewa sai a digiri 39 ko 40, domin in iya aiki da ita a ɗakinmu, daga baya kuma in gwada ɗora mata magani?

Tsohon Malamin Kimiyya, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗiyata, kwantar da hankalinki, polimarki ba ta lalace ba, hasali ma abin da kika gani shi ne shaidar cewa tana da rai. Kafin komai, ki rataya ma'aunin zafi a bangon ɗakin gwajin naku ki duba shi da azahar. Zafin ɗakin da masu rubuta waɗannan takardu suke nufi digiri 20 zuwa 25 ne, alhali mu nan a watan Afrilu waje yakan haura 40, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska kuma ba ya kasa da talatin da wani abu. Tun a 1968 Heskins da Guillet suka auna a Kanada cewa PNIPAM tana rabuwa da ruwa a wajejen digiri 32, ke kuwa teburinki ya riga ya wuce nan tun kafin ki buɗe kwalbar. Garin Sakkwato ne ya ɗumama miki ruwan ba tare da kin roƙe shi ba.

Dalilin wannan hali yana cikin kowane ɗan carbi na sarƙar. Kowane ɗaya yana ɗauke da abu biyu masu saɓanin ɗabi'a: akwai sashen amaid, wanda ke riƙe ruwa da ɗaurin haidirojin, akwai kuma ɗan reshen aisofirofil, mai ɗabi'ar mai, wanda ruwa ba ya so. A cikin sanyi, ƙwayoyin ruwa sukan haƙura su jeru a kewayen wannan reshe su lulluɓe shi, domin ribar da suke samu daga riƙe amaid ta fi takurar da jeruwar ke jawo musu. Da zafi ya ƙaru sai lissafin ya juya, ruwan ya gwammace walwalarsa, ya saki sarƙar, ita kuma ta nannaɗe ta manne da 'yan'uwanta. Da PNIPAM ce ita kaɗai, da sai ta yi ta haɗuwa har ruwan ya koma fari fat. Gaɓar PEG ce ke tsawatarwa, domin ita tana nan tana riƙe da ruwanta, ta miƙe a bayan kowane curi kamar gashi, ta hana curi ya manne da curi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Madarar shanu fara ce saboda furotin ɗinta yana cure a ƙwayoyi masu faɗin nanomita ɗari da wani abu, kowace da ɗan gashinta a baya, kuma da zarar tsami ya kwantar da gashin sai madarar ta tsinke ta zama kindirmo. Haka ƙaron da almajirai ke sa wa tawada: wani sashensa yana kama baƙin, wani sashen yana kama ruwa, shi ya sa baƙin ba ya kwanciya a gindin kurtu.

Bambancin ruwanki na farko da na biyu shi ne darasin da nake so ki riƙe. A karon farko kin zuba gari a ruwan da ya riga ya yi wa PNIPAM zafi, saboda haka sarƙoƙin ba su taɓa warwarewa ɗaya-ɗaya ba, sun jiƙe ne kawai suka yi gudaji, kamar garin da aka zuba a tafasasshen ruwa ba a dama shi da ruwan sanyi ba. Daren da ya yi a firji ne ya warware su, da kika fito da shi kuma suka taru cikin tsari. Shuɗin da kika gani alama ce mai kyau, domin ƙwayoyin da suka fi tsawon igiyar haske ƙanƙanta sosai sun fi watsa shuɗi a kan ja, dalilin da ya sa siririn hayaƙin itace yake yin shuɗi ke nan. Farin madara yana nufin ƙwayoyin sun yi girma.

Game da ɗaga matakin curewar, ana yi, kuma hanyar a bayyane take. Idan aka barbaɗa wasu 'ya'yan carbi masu tsananin son ruwa, irin su akrilamaid ko daimetil-akrilamaid, a tsakanin na PNIPAM lokacin ƙera sarƙar, matakin yakan hau. Idan masu gudun ruwa aka barbaɗa, sai ya sauka. Amma a lokacin gini ake yin wannan, ba a kan garin da ke hannunki ba. Kuma in har za ki taɓa akrilamaid, ki sa safar hannu da takunkumi, guba ce mai taɓa jijiyoyi.

Mai Haɗa Magani, Gawon Nama

Allah ya gafarta Malam, bayaninku ya wadatar a kan tambaya ta farko, ni kuma ina da ja a kan ta biyu. Ƙanwata, ki tsaya ki sake auna abin da kike nema. A tsarin polimarki, PNIPAM ce cikin curin, wato ita ce rumbun da maganin zai zauna. Idan kika ɗaga matakin curewa zuwa 40, to a jikin ɗan'adam mai digiri 37 babu curi sam, sarƙoƙi ne warwatse a cikin jini, maganin kuma ya zube tun a bakin allura. Kin gyara wa teburinki ke nan, kin ɓata wa majinyaci. In dai PNIPAM za ta zauna a ciki, matakin 32 ɗin nan alheri ne gare ki, har ma a so ya ƙara sauka.

Waɗanda ke neman 40 wani gini suke yi daban. Ayarin Farfesa Okano a Tokyo sun juya tsarin: sun sa polilaktaid, wadda ba ta shiri da ruwa a kowane zafi, ta zama ciki, gaɓa mai jin zafin kuma ta zama riga, suka daidaita ta a wajejen 40, da niyyar a ɗumama wurin da ƙarin ciwon daji yake zuwa kamar 42, rigar ta yanƙwane a nan kaɗai. Dabara ce mai kyau a takarda, amma duk wanda ya yi aiki a kantin magani a garin nan zai ga inda take yoyo. Zazzaɓin cizon sauro yakan kai yaro digiri 39 zuwa 40 ba tare da wata na'ura ba, ke nan rigar za ta iya yanƙwanewa a duk faɗin jiki. Sannan kwalin da ya kwana a bayan mota daga Legas, ko ya wuni a shagon kwano a watan Mayu, ya riga ya ga 40 tun bai ga majinyaci ba. Ana gwada ƙarkon magungunan da za a sayar a Nijeriya a digiri 30 da laima kashi 75 cikin 100, gwajin gaggawa kuma a digiri 40 na tsawon wata shida. Abin da suke kira gwajin gaggawa, in aka cire laimar, shi ne kantar shagona a bazara.

Akwai wasu abubuwa biyu da tataccen ruwa yake ɓoye miki. Gishiri yana janye ruwa daga jikin sarƙar, saboda haka a ruwan gishiri na ƙarin ruwa, mai kashi 0.9 cikin 100, matakin PNIPAM yakan sauka da kusan digiri biyu, furotin na jini kuma yana da nasa tasirin. Duk adadin da kika samu a tataccen ruwa sai kin sake auna shi a ruwa mai gishiri kafin ki yi maganar jiki. Na biyu shi ne sirki: abin da aka zuba a jijiya yana gauraya da jini wajen lita biyar, kuma kowane irin curi yana da ƙarancin yawan da in aka sauka ƙasa da shi yake wargajewa. A nan ne polima ta fi sabulu nesa ba kusa ba, domin curin sabulu irin SDS yana watsewa ƙasa da milimola 8 a lita, na polima kuwa yakan jure sirkin da ya ninka wannan sau dubu ko fiye.

Ki dubi wanda ya kai kasuwa. Genexol-PM, wanda aka amince da shi a Koriya ta Kudu a 2007, PEG ce da polilaktaid kawai, curi mai faɗin nanomita 20 zuwa 50, ɗauke da faklitaksel, maganin daji wanda da ƙyar yake narkewa a ruwa, wanda a da sai an narkar da shi a wani sinadarin man zurma mai tayar wa majinyata da borin jini. Babu wata dabarar jin zafi a jikinsa, kuma busasshen gari ake ajiye shi, sai za a yi amfani da shi a jiƙa. A ganina, in kina son curi mai buɗewa da kansa a ƙasa irin tamu, ki nemi mai jin tsami maimakon mai jin zafi. Jini yana kan 7.4 a ma'aunin tsami, 'yan jakunkunan da ke cikin ƙwayar halitta kuma suna sauka zuwa 5 ko 6, kuma akwai polima irin PDPA da ke juyawa a wajejen 6.3. Rana ba ta canza wannan ma'auni.

Ɗan Sakkwato a Ingila

Ina gaida Malam, ina gaida Yaya mai haɗa magani. Na yarda da gargaɗin nan, sai dai kada mu sa ƙanwarmu ta yar da aikinta, domin ba kowane curi ake yi don allura ba, kuma fahimtar yadda ake sarrafa ginin ita ce digirin nata.

Abin da ya sa ake iya yanka sarƙa daidai da bukata kamar tela shi ne hanyoyin haɗi waɗanda sarƙar ba ta mutuwa a cikinsu. Szwarc ne ya buɗe ƙofar a 1956, amma hanyarsa ba ta jure ko ɗigon laima. A 1995 Matyjaszewski a Amurka da Sawamoto a Japan suka fito da wata hanyar mai suna ATRP, kowa da nasa, a 1998 kuma Rizzardo da Moad da Thang na hukumar CSIRO ta Ostireliya suka fito da RAFT, wadda nake aiki da ita kullum. A RAFT, bakin kowace sarƙa yana ɗauke da wani sinadari mai sulfa da ke riƙe ta a raye, in monoma ta farko, wato 'ya'yan carbin da ake jerawa, ta ƙare sai a zuba ta biyu, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tsawon gaɓa kuwa lissafi ne: in kina son 'ya'ya 200, sai ki zuba monoma 200 a kan kowane sinadarin RAFT ɗaya. Ki duba garin naki a hasken rana. In yana da ɗan rawaya ko ruwan hoda, da alama da RAFT aka yi shi kuma bakin yana nan, ma'ana za a iya ƙara masa gaɓa ta uku. In fari ne tas, ko an cire bakin ko wata hanya aka bi. Abin da RAFT ba ta yafewa shi ne iskar oksijin da yankewar wuta, domin sai an kore iskar da naitirojin, a riƙe zafi wajen digiri 70 na awoyi ba tare da tangarɗa ba.

Sannan ba matakin zafi kaɗai ake gyarawa ba, har da siffa, kuma nan ne daɗin aikin yake. Idan gaɓar waje doguwa ce, gashin yana cunkushewa ya tilasta wa curin lanƙwasa sosai, sai a sami ƙwallo kamar curin fura. A rage ta ko a tsawaita ta ciki, sai ƙwallayen su haɗe su zama dogaye kamar taliya. A ƙara, sai su shimfiɗe su rufe kansu su zama salka, fata a kewaye, ruwa a ciki, wadda ke iya ɗaukar abin da ke narkewa a ruwa a cikinta da mai gudun ruwa a fatarta. Zhang da Eisenberg sun nuna wannan jeri a Jami'ar McGill a 1995, Discher da abokansa a Jami'ar Fensilbaniya kuma suka nuna a 1999 cewa fatar salkar polima ta fi ta salkar da aka yi da kitse ƙwari nesa. Ƙa'idar da ake bi da ka ita ce, in gaɓa mai son ruwa ta kai kusan kashi 35 cikin 100 na nauyin sarƙar, a sa ran salka, in ta haura 45 a sa ran ƙwallo ko taliya. Ki tambayi wanda ya aiko muku nauyin kowace gaɓa, domin ba tare da wannan ba a duhu kike tafiya.

Abin dariya shi ne akwai tsarin da zafinku zai yi wa daɗi. Ayarin Farfesa Armes a Shefild suna haɗa polima a cikin ruwa kai tsaye, gaɓa ta biyu tana tsawo tana curewa a lokaci guda, kuma wani nau'in taliyarsu yana kamewa ya yi jel a ɗaki, in an sanyaya shi zuwa digiri 4 ya koma ƙwallaye ya tsinke, a tace ƙwayoyin cuta, ya ɗumama ya sake kamewa. In kuma matakin zafi kike son daidaitawa dalla-dalla, Lutz ya nuna a 2006 cewa da monoma biyu masu gajeren reshen PEG, MEO2MA da OEGMA, ana samun digiri 32 da kashi 5 cikin 100 na ta biyun, 37 da kashi 8, 39 da kashi 10, kuma wannan polima ba ta yin jinkirin komawa ruwa da PNIPAM ke yi in an sanyaya.

Shawarata ta ƙarshe ta aljihu ce. Kada ki koyi aiki a kan giram ɗayan nan. Ki nemi Pluronic F127, tana da araha, gaɓa uku ce, PEG a gefe biyu da kusan kashi 70 na nauyi. Ita ma a sanyi ake narkar da ita, kuma ruwanta mai kashi 20 yana zuba a firji amma ya kame a tafin hannu. Duk kuskuren da za ki yi, ki yi shi a kanta.

Ɗalibar Kemistiri, Mabera

Malam, na bi umarninku na rataya ma'auni, da ƙarfe biyu na rana ya nuna 37, na yi ta yi wa kaina dariya. Da yake ba a rabuwa da ɗaukewar wuta, firjin ba abin dogaro ba ne, sai na ɗauko ƙaramar randa daga gida na cika ta na ajiye a bakin taga inda iska ke kaɗawa. Ruwanta ya tsaya a 26, kuma kwalbar da na ɗaure da zare na zura a ciki ta wuni garau. Daga nan na riƙa ƙara ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan a kofin gilashi ina haska kwalbar da ɗan lesan nuni a ɗaki mai duhu. Har 33 jan zaren hasken da ƙyar ake ganinsa, a 34 ya fito sarai daga bango zuwa bango. Da na maimaita da ruwan gishiri yadda Yaya ya ce, a 32 ya fito. Na kuma lura cewa kwalbar da na tsoma kai tsaye daga randa zuwa ruwa mai digiri 45 ta fi shuɗi da haske a kan wadda ta ɗumama a hankali a kan tebur, ban san ko idona ne ba.

Yaya mai haɗa magani, na karɓi gyaranku, na bar maganar 40, kuma na nuna wa malamina batun mai jin tsami. Yayana na Ingila, garin yana da ɗan rawaya kamar garin masara, kuma na aika tambayar nauyin gaɓoɓin.

Tsohon Malamin Kimiyya, Runjin Sambo

Madalla, ɗiyata, ba idonki ba ne. Ɗumamawar gaggawa tana sa curi masu yawa su tsiro a lokaci guda, kowanne ya samu rigar PEG kafin ya girma, ta sannu kuwa tana ba su damar haɗuwa su yi manya, don haka ki rubuta saurin ɗumamawar a littafinki kamar yadda kike rubuta nauyi. Hawan da kika gani daga 32 zuwa 34 ma ba abin mamaki ba ne, gaɓar PEG takan ɗan ɗaga matakin. Amma lesa yana gaya miki akwai ƙwayoyi ne kawai, ba ya faɗin girmansu ko siffarsu, sai kin kai samfurin inda ake da na'urar auna girma da watsuwar haske. In za ki kai, ki ɗauke shi a kula da ƙanƙara, ki tace shi da matata mai ramin maikromita 0.45 yana da sanyi saboda ƙurar garin nan, sannan ki roƙi mai na'urar ya auna miki a digiri 25 da 37 da 42, kowanne bayan kwalbar ta zauna minti goma a ciki.